Cokulan da Dole a Dawo da Su

Litinin, 3 ga Mayu 1999, da la'asar

Babaji direba ya dawo daga Maraɗi da cakulan, alewar nan ta koko, da na yi masa sautu. Ya naɗo shi cikin jiƙaƙƙen buhu kamar mai kawo kifi. Ya ce, "Malama Rahama, wannan magani ne?" Na ce eh. Ban ga dalilin yi masa gyara ba.

Rediyo ba ta da zance sai ranar ashirin da tara ga wata, ranar da sojoji za su miƙa mulki. A makarantarmu an daina karatu bayan tara, ana koya wa yara maci. Ni ma an ba ni aji guda in koya musu ɗaga tuta, da digirina na kimiyyar sinadarai.

Bara an saki manyan da aka tsare. Mun ga hotunansu a jarida suna ɗaga hannu. Sammani, mijina, ba babba ba ne. Malamin lissafi ne mai injin kwafi a shagon ƙofar gida, kuma waɗanda suka zo suka tafi da shi da injin ba su bar suna ba. Abin da nake tsoro ke nan: in suka koma bariki, babu wanda zai amsa cewa shi ya ɗauke shi. Sababbin za su ce ba su gaje shi ba. Dole in san inda mijina yake kafin a kaɗa wannan tutar.

A littafin nan kaɗai ake kiran sunansa. Inna, mahaifiyarsa, ba ta faɗa saboda ɗan fari ne. Maƙwabta ba sa faɗa saboda wani dalilin.

Talata, 4 ga Mayu, da hantsi

Zuwaira. Ɗakinmu ɗaya a jami'a a Zariya, gado sama da ƙasa. Yanzu tana GRA, mijinta yana cikin waɗanda ake buɗe wa ƙofar mota, kuma kowa ya ce ya san inda ake ajiye kowa. Tun da abin ya faru na je gidanta har mai gadin ya san takalmina. Kullum Hajiya tana barci. Ban taɓa sanin mai barci irinta ba, ga shi a Zariya ita ke tashin mu sallar asuba.

Na taɓa kai turmin atamfa. Aka karɓa a bakin ƙofa, aka ce an gode. Kuskurena ne. Atamfa ba ta da hanyar dawowa.

Abinci kuwa yana da ita. In ka aika wa mutum abinci a kwanonka, dole ya dawo da kwanon, kuma 'yar gidan mutunci ba ta dawo da shi fanko. Uwar Zuwaira 'yar cikin gari ce, ta koya mata wannan tun kafin ta iya karatu. To, zan aika mata abin da dole ta wanke ta dawo mini da shi.

Na sauko da cokulan shayin da ta ba ni gudummawa da aurena, masu furen nan a hannu. Ita ta zaɓo su a Sabon Gari, ta yi sati tana shan gari saboda su. Zan tsoma kawunansu cikin cakulan, ya daskare, in mutum ya juya shayi da su ya narke a ciki. A ɗakinmu haka take yi da garin koko da madara, ta shafe cokali ta ajiye a taga ya bushe, ta ce ita ma tana shan abin da 'ya'yan manya ke sha. Ba zan rubuta mata komai ba. Ba zan roƙi komai ba.

Alhamis, 6 ga Mayu, da azahar

Gwaji na farko. Na ɗora kwanon cakulan a kan tukunyar ruwan zafi, a risho. Ya narke da kyau, yana sheƙi. Sai gumi ya ɗigo daga haɓata ya faɗa ciki, nan take ya dunƙule kamar kwanannen tuwo. Na san dalili, na taɓa cin jarrabawa a kansa. Sanin bai hana ni gumi ba.

Ba labari.

Asabar, 8 ga Mayu, da yamma

Na ɗaura tawul a haɓa na sake. Cokali biyu kawai na gwada. Sun yi kyau, amma sun ƙi daskarewa. A bazarar Katsina babu abin da ke daskarewa sai albashi. Wuta kuwa tun Talata ba mu gan ta ba, firjina ya zama ma'ajiyar takardun jarrabawa.

Na leƙa gidan Asabe, maƙwabciyata, nas ce 'yar Filato. Ita kaɗai a layin nan ba ta sauya hanya ba in ta hango ni. Na ce ta sa mini su a firjin asibitinsu.

"Firjin allurar yara? Rahama, kina so a kore ni saura sati uku dimokuraɗiyya?"

"Kusurwa ɗaya kawai."

"Ko kusurwar kusurwa. Ke da kika yi jami'a, ki ƙirƙiro sanyi mana."

Ta lashi ɗaya, ta lashi na biyun don ta tabbatar. Sannan ta ce duk Laraba tana shiga gidan Zuwaira auna jinin tsohuwarta, kuma mai gadi ba ya buɗe jakar nas. Ban tambaye ta ba. Ita ta faɗa, tana kallon cokalin.

Lahadi, 9 ga Mayu

Ba labari.

Talata, 11 ga Mayu, bayan asuba

Na ƙirƙiro sanyi. Ƙarƙashin randar Inna akwai jiƙaƙƙen yashi, wurin ya fi ko'ina sanyi a gidan nan. Na binne faranti a yashin har baki, na jera cokula a kai, na kife ƙwarya. Sai an yi aikin tsakanin sallar asuba da fitowar rana, daga nan an makara.

Sun daskare. Na daɗe a tsugune ina kallonsu kamar wadda ta haifi wani abu.

Laraba, 12 ga Mayu, da hantsi

Sun yi furfura. Fari-fari ya fito musu ko'ina, kamar bangon da gishiri ya ci. Ba su lalace ba, man ne ya taso saboda na yi musu gaggawa. Amma ba zan aika wa matar babban mutum abin da ya yi kama da ya kwana a kasuwa ba. Asabe ta tafi da jakarta babu komai. Laraba ɗaya ta tafi. Saura biyu.

A makaranta shugaba ta ce in yi murmushi ranar bikin, za a ɗauki hoto. Na ce zan fara gwaji tun yanzu.

Juma'a, 14 ga Mayu, da la'asar

Na gano hannun cakulan ɗin. A narkar da kashi biyu, a sauke, a zuba kashi na ukun a yi ta juyawa har ya huce, in an taɓa a leɓe a ji sanyi-sanyi. Haƙuri kawai yake so. Wannan kuwa na samu horo.

Wani ya zo yau, ya ce ɗan uwan wani ya ga mai kama da Sammani a wani gari. Wannan shi ne gari na nawa? Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi zaure.

Litinin, 17 ga Mayu, bayan asuba

Na yi su duka. Wasu na barbaɗa musu riɗi, wasu dakakkiyar citta, don Zuwaira ko a kunu sai ta ƙara citta. Suna sheƙi kamar sabon takalmi. Na rufe su a ƙarƙashin randa. Jibi Laraba.

Litinin ɗin dai, da azahar

Na dawo daga makaranta na tarar da su a kan tabarma, a rana, an jera su reras, suna walƙiya. Tas. Ko ɗigo babu.

Inna tana zaune a gefe da toka da soso, fuskarta cike da alheri.

"Na ga cokulanki hwa, ɗiyata, duk sun yi dauɗa kin ɓoye su ƙarƙashin randa. Na ce yarinyar ga abin duniya ya yi mata yawa, ko wanke-wanke ba ta iyawa. Sai da na sa ruwan zahi kahin su hita. Mi kika ci da su haka?"

Na tsaya da jakata a kafaɗa. Na ji bakina ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Tarbiyya abu ce mai ban tsoro.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki ba na littafi ba ne.

Talata, 18 ga Mayu, da yamma

Na faɗa wa Inna komai. Ban saba ba. Shekara biyu muna zaune gida ɗaya, kowa tana ɓoye wa ɗaya tsoronta kamar kayan sata.

Ta gyara zama. Can ta ce, "Wato abin ga da na wanke, don wanga yaro ne?"

Na ce eh.

Ta kalli hannuwanta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban so ta ba ni ba. Ta tashi ta shiga ɗakinta, na ji tana sauke jere, ta fito da tsohuwar langarta mai marfi, wadda ko da Sallah ba a taɓawa.

"A wagga za ki kai. Uwar Zuwaira ta san ta, tare muka saye su. Ko ɗiyar ta yi kamar ba ta gani ba, tsohuwar ba ta bari langata ta kwana gidansu."

Cakulan ɗin da ya rage ba zai rufe cokulan duka ba, sai rabinsu. Babaji ya ce ba zai sake ƙetarawa ba sai bayan biki, hanya ta cika da shingaye. Gobe ba zai yiwu ba. Saura Laraba ɗaya.

Laraba, 19 ga Mayu

Asabe ta tafi da jakarta babu komai. Ba labari.

Asabar, 22 ga Mayu, da hantsi

An shafe gefen titi da farar ƙasa tun daga Ƙofar Marusa. Akuyoyi sun riga sun fara lasa. Mutanen da bara ba sa amsa sallamata yanzu sun sayi sababbin huluna, suna cewa dama su tun can ba sa son mulkin soja. Ɗaya ya tare ni ya ce, "Malama, ai an kusa. Kowa zai dawo gida." Na ce Allah ya sa. Na so in tambaye shi wane ne kowa.

Asabe ta ce an fara ɗaure kaya a gidan Zuwaira. Akwatuna har baranda.

Talata, 25 ga Mayu, bayan asuba

Na yi na ƙarshe. Inna ta tashi tare da ni ba tare da na tashe ta ba. Ta zauna a bakin randa da mafici tana yi musu fifita, tana jan carbi da ɗaya hannun. Ta ce in yi bisimilla a kan kowane cokali. Na yi. Kimiyya ba ta hana ba.

Da na gama ta ce, "To yanzu in wani ya taɓa su, ni da shi."

Na kankare abin da ya manne a kwano, ya isa cokali ɗaya, siriri. Wannan ban sa shi a langa ba. Inna ta gani, ta ci gaba da fifita.

Laraba, 26 ga Mayu, da azahar

Sun tafi. Asabe ta naɗe langar da jiƙaƙƙen tawul ta cusa a jaka, abin awon jini a sama.

Ta dawo ta zauna ta ce in ba ta ruwa tukuna. Na ba ta. Ta sha a hankali, da gangan.

"Asabe."

"To. Na ajiye a gaban tsohuwar. Ta ga langa ta ce, 'A'a, wannan ai ta Sabuwa ce,' Innarku ke nan, ta sa aka kira Hajiya. Hajiya ta zo da waya a hannu, ta buɗe."

"Ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya hannun, ta kalli furen. Ta ajiye wayar, mutum yana ta magana a ciki. Sannan ta ce wa mai aiki ta ɗora ruwan zafi."

"Shi ke nan?"

"Ta tambaye ni ko kin rame. Na ce ke dama ba ki da abin ramewa."

Alhamis, 27 ga Mayu, da la'asar

Langa ba ta dawo ba.

Alhamis, bayan magariba

Inna ta share zaure sau biyu. Ta ce ƙura ce. Wataƙila na yi wauta. Wataƙila a GRA an daina dawo da kwano, ana sayen sabo. In haka ne na yi asarar cokulan aurena da langar Inna, na kuma ba matar babban mutum shayi mai daɗi ta sha kafin ta hau mota. Gobe zan sake zuwa bakin ƙofar da kaina. Mai gadi ya yi kewar takalmina.

Juma'a, 28 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Zuwaira ta zo.

Ta zaɓi lokacin da maza duk suna masallaci, layi ba kowa. Ba da motar gida ba, a tasi, da mayafin da na tabbata na mai aikinta ne. Ta durƙusa ta gaida Inna, gaisuwa mai tsawo, ta gida da gajiya da zafi da tsohuwa da jiki. Ni ina tsaye ina kallon langar a hannunta.

Inna ta karɓa ta buɗe. Cokula, a wanke. Ba komai kuma. Na ga fuskar Inna ta sauya.

Zuwaira ta ce, "Inna, ki yafe ni. Abin da zan sa a ciki ba ya shiga langa." Ta juyo gare ni. Ta yi ƙiba, idonta ya faɗa.

"Ke kuma, muguwa. Da cokulana za ki kama ni?"

"Nawa ne. Kin ba ni."

"Citta ta yi yawa."

"Ke ce ba ki da baki yanzu. Kin saba da abincin kuku."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta kama hannuna ta ja ni bakin randa, ta yi ƙasa da murya.

"Yana da rai. Ba a jihar nan yake ba, kada ki tambaye ni ina. An manta da shi ne, Rahama, wallahi mantawa aka yi, wanda ya kawo shi an yi masa canji tun bara. Tun shekaranjiya na zauna wa maigidan a kai, na ce ba na shiga mota sai ya buga waya a gabana. Jiya ya buga."

Na ce, "Yaushe?"

"Ba rana. Za su sa shi a motar haya su biya kuɗin, a sauke shi a tasha kamar kowa. Kada ki je ofishin kowa. Kada ki gode wa kowa, don babu wanda ya yi komai, kin gane? Ba a taɓa kama shi ba."

Na ce na gane. Shekara biyu ina auren mutumin da ba a taɓa kamawa ba.

A zaure ta tsaya ta ce, "Duk zuwan da kika yi ina bayan labule." Na ce na sani, labulen yana da ƙafafu. Ta rufe fuska da mayafi ta fita.

Inna ta mayar da langarta kan jere, sannan ta yi alwala.

Asabar, 29 ga Mayu, da yamma

An miƙa. Yarana sun ɗaga tuta a lokacin da ya kamata, ban da mutum biyu da suka suma. Na yi murmushi, an ɗauki hoto. Daga filin na wuce tasha da kayan bikin a jikina, na zauna a bencin mai shayi har motar ƙarshe ta shigo.

Ba labari. Amma yau kalmar ba ta yi nauyin da ta saba ba.

Lahadi, 30 ga Mayu

Tasha. Asabe ta raka ni bayan ta dawo daga coci. Gidan Zuwaira an kulle, in ji ta, ko labule babu.

Litinin, 31 ga Mayu, da la'asar

Tasha. 'Yan kamasho sun fara ce mini Hajiya mai jiran kaya. Idan mutumin nan ya buga wayar ƙarya ne don matarsa ta shiga mota fa? Na rubuta wannan don in fitar da shi daga kaina. Gobe zan koma.

Cokalin yana nan a ƙarƙashin randa. Inna tana jiƙa yashin safe da yamma.

Laraba, 2 ga Yuni, da hantsi

Ban same shi a tasha ba. Shi ya same mu. Jiya da yamma, ina can a benci, ya sauka a bakin hanya ya tako da ƙafa, don ya ce bai yarda da tasha ba. Na dawo na tarar da wasu silifa a ƙofar ɗaki, ɗaya shuɗi ɗaya ja.

Ba zan kwatanta shi ba. Gemunsa ya yi abin da cokulana suka yi a gwaji na uku.

Inna, da ta gan shi, ta juya baya ta ɗauki tsintsiya. Ta ce wa bango, "Wanga ya rame." Ta share tsakar gida tun daga randa har zaure, wurin da ta riga ta share, kafaɗunta suna rawa.

Da safen nan na dafa shayi. Na ɗauko cokalin na ajiye masa a gefen kofi. Ya ɗaga shi ya duba gaba da baya, ya ce a hankali, kamar mai tsoron ɓata wa wani rai, "Rahama, wannan ba a wanke ba."

Inna daga bakin murhu ta ce, "Kul! Kada ka taɓa mashi ruwa. Juya shayinka."

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya juya. Muka zuba ido shayin ya yi duhu. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Bai tambayi labarin cokalin ba, ni ma ban tambayi labarin komai ba. Akwai lokaci.

Da ya gama ya lashe cokalin tas, ya goge shi da bakin riga, ya waiga hagu da dama, ya zura shi cikin aljihu. Bai san ya yi ba.

Na kwashe kofuna. Inna ta zo za ta yi wanke-wanke, ta duba faranti ba cokali, ta buɗe baki. Na girgiza mata kai.

Na aika wa Babaji ya biyo in zai ƙetara.